Abin da Rediyon Ya Haɗiye

Taksina ta girmi ɗana na fari,
rediyonta kuwa ya girmi taksin.
Daga cikin wata gawar mota aka ciro shi a Bilbis,
aka cusa masa kwali a gefe don ya zauna daram.
Maɓallin murya ya faɗi tun bara,
da farce nake murɗa ɗan ƙarfen da ya saura.

Da safe yakan ba ni labarai tiryan-tiryan.
In na hau hanyar Ƙonni, sai tari ya kama shi.
In na faɗa rami, ya yi gum,
sai na mari ƙofar hagu
inda lasifika take kwance da wayarta guda a sake.
Fasinja su yi ta dariya.
Ni dai na san halin abina.

Ba don labarai nake lallashinsa ba.
Akwai wani farin kaset, an rubuta masa da jan bik:
"Zuwa ga Inna Cima, Tawa."
Wana Asumanu ya cika shi a Abijan,
bana shekara goma sha tara,
cikin wani ɗaki da ruwan sama ke dukan kwanonsa.
Ya gaida kowa da suna,
har tunkiyar da muka daɗe da cinyewa.
Daga shi ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Kowace Juma'a bayan la'asar
nakan tsaya ƙofar gida, Inna ta shigo gaba,
ta cire takalmi kamar mai shiga ɗakin suruki.
In bar inji yana ruri don kada batir ya kwanta,
mai yana ƙonewa, ba na duba allura.
Shi yana gaisuwa, ita tana amsawa:
"Lahiya lau. Lahiya lau, ɗan nan."

Ran nan sai muryar ta yi nauyi
kamar mai magana daga ƙasan rijiya,
ta ja, ta ja, ta tsaya.
Na danna, kaset ya fito
da hanjinsa a waje.

Nomau mai gyara, bayan babbar kasuwa,
bai ce mini sannu ba.
Ya kwance noti huɗu, ya zuba su a murfin kwalba,
ya hura ciki, yashin shekaru ya tashi.
"Robar nan ta saki. Kan nan ya yi kanta.
Yaushe rabonka da goge shi?"
Ya naɗa auduga a tsinke, ya tsoma a alkol,
ya shafa a hankali kamar mai wanke idon jariri.
"Kuma ka bar ajiye kaset bayan gilashi,
ranar garin nan ba ta san ɗan'uwan kowa ba."

Ya nuna mini sabo, mai allo,
mai kama waya ba tare da igiya ba,
jika ashirin da biyar.
Na girgiza kai. Bai sake tayi ba.

Ya zura bik a ramin kaset yana juyawa.
Inda haƙoran rediyo suka tauna
ya sa reza ya yanke, tsawon ɗan yatsa,
ya haɗa bakin biyu da man farcen matarsa,
muka zauna jiran ya bushe, shayi biyu.

Juma'a ta zo. Inna ta cire takalmi.
Ruwan Abijan ya ci gaba da zuba a cikin motata.
Asumanu ya ce, "In Allah ya yarda, Inna, zan taho..."
sai ɗan tsalle,
"...ki gaida mini Bizo da yaransa."

A da, "bayan Sallar layya" ne a wurin.
Na sunkuyar da kai ina neman abin faɗa.

Inna ta daɗe tana kallon ɗan koren hasken.
Ta ce, "Layya goma sha tara na ƙirga.
Yanzu bai sa rana ba,
ko gobe ma yana iya zuwa.
Ƙara mana murya."

Na sa farce na murɗa.